Fasfo Ko Ƙasar Zama: Tsaka Mai Wuyar Mutanen Holan Da Suka Tsufa A Ƙetare

Duk wanda ya taɓa zuwa Vom a Jihar Filato, ya nemi a nuna masa kaburburan 'yan mishan na farko, zai ga na Johanna Veenstra. Wannan baiwar Allah ta iso ƙasarmu a 1920, ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a asibitin Vom a 1933. Ba a Holan aka haife ta ba, a Amurka ne, cikin zuriyar mutanen Holan da suka bar ƙasarsu suka ƙetare teku. Ikkilisiyar da ta fito daga ciki, wato Christian Reformed Church, irin waɗannan baƙi ne suka kafa ta a jihar Michigan a 1857, ita ce kuma ta ɗauki aikin Lupwe bayan rasuwarta. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar CRCN ta tsiro. Saboda haka in ana maganar mutanen Holan mazauna ƙetare, ba maganar waɗansu baƙi na nesa ake yi ba. Da yawa daga cikin malamai da likitoci da masu jinya da suka koyar da iyayenmu a yankin Binuwai da Taraba 'ya'yan waɗannan mutane ne. Wasu ma a Holan ɗin aka haife su, iyayensu suka ƙaura da su Kanada suna yara, daga can suka zo nan.

Yau ga shi ragowar wannan tsara sun tsufa a Kanada da Ostireliya da sauran wurare, kuma akwai wata tambaya da ke damun waɗansu daga cikinsu duk lokacin da fasfonsu ya kusa ƙarewa: shin in sake sabunta fasfon Holan, ko kuwa lokaci ya yi da zan yi rantsuwa in zama ɗan ƙasar da nake zaune? Mai karatu zai ce, to me zai hana ya riƙe duka biyu? Nan ne gizo ke saƙar. A dokar Holan, taura biyu ba ta taunuwa sai ga wanda doka ta ware.

Yadda suka bar gida

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Holan a ragargaje. Jamus ta mamaye ƙasar daga 1940 zuwa 1945, kuma a hunturun ƙarshe na yaƙin aka yi yunwar da ta kashe dubban mutane a biranen yamma. Bayan yaƙi gidaje suka yi ƙaranci, gonaki ba su isa ba, ga iyalai masu 'ya'ya takwas ko goma. Manomi mai 'ya'ya maza biyar ba shi da filin da zai raba musu. Gwamnati da kanta ta shiga ƙarfafa mutane su fita. A jawabinsa na sabuwar shekarar 1950, Firayim Minista Willem Drees ya faɗa wa jama'a cewa ya kamata wani sashe nasu ya yi ƙarfin hali ya nemi abin zaman gaba a ƙasashe masu faɗi. Har tallafin kuɗin jirgi gwamnati ta riƙa bayarwa. Sai kuma ambaliyar teku ta 1953 ta zo ta ci rayuka fiye da 1,800 a kudu maso yammacin ƙasar, ta lalata gonaki da ruwan gishiri.

Cikin shekaru ashirin da 'yan kai bayan yaƙin, mutum kusan rabin miliyan suka fita. Kanada ce ta fi samun kaso mai yawa, sai Ostireliya, sa'an nan Amurka da Afirka ta Kudu da Niyu Zilan. Jirgin ruwa mai suna Waterman ya kai rukunin farko na fiye da mutum 1,000 zuwa Montreal a watan Yunin 1947. Shekarar 1952 ce aka fi fita. Yawancin waɗanda suka je Kanada sai da wani manomi ya tsaya musu, su yi masa ƙodago na shekara guda kafin su nemi nasu. Mutumin da yake da shanunsa a gida sai ga shi yana tsugune a gonar wani a Alberta ko Ontario, shi da matarsa da yara.

Ikkilisiya ce ta riƙe su. Akwai ma'aikatan da ikkilisiya ta naɗa musamman don su tarye su a tashar jirgin ƙasa, su nema musu aiki da wurin kwana. Kafin su gina wa kansu gidajen kirki sun gina majami'u da makarantun Kirista. Da harshen Holan ake wa'azi da farko, daga baya aka koma Turanci saboda yara.

Da yawa sun karɓi takardar zama 'yan Kanada tun cikin shekarun 1950 da 1960, ba su waiwaya ba. Amma akwai waɗanda suka ce a dakata tukuna. Wani yana tunanin zai koma in ya tara abin hannu, wata kuwa tsohuwarta na nan da rai a ƙauye. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama shekara hamsin. Bayansu kuma akwai waɗanda suka fita a shekarun 1970 da 1980 har zuwa yau, domin manoman Holan ba su daina ƙaura zuwa Kanada ba.

Abin da doka ta ce

Dokar zama ɗan ƙasar Holan da ake aiki da ita ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 1985. Ƙa'idarta a fili take: baligin da ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, a ranar ya daina zama ɗan Holan. Ba sai an rubuto masa wasiƙa ba, ba sai ya sa hannu a wata takarda ba. Fasfon na iya kasancewa a aljihunsa da sauran shekaru a jikinsa, amma ya zama takardar banza. Kanada kuwa tun 1977 ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ashe ba ƙasar da ta karɓe shi ce ke tilasta masa zaɓi ba, ƙasar haihuwarsa ce. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to Holan ta mai da wannan magana doka.

Daga 1 ga Afrilun 2003 aka buɗe ƙofofi uku. Wanda aka haifa a ƙasar da yake so ya zama ɗanta, yana kuma zaune a can, ba zai rasa Holan ba. Haka wanda ya zauna a ƙasar shekara 5 a jere kafin ya cika shekara 18. Na uku shi ne wanda yake auren ɗan ƙasar ko 'yar ƙasar a lokacin da ya yi rantsuwa.

Wannan ƙofa ta uku tana da abin dariya da abin tausayi. A ce miji da mata duka 'yan Holan ne, sun yi shekara arba'in a Ontario. In maigida ya fara yin rantsuwa, ya rasa Holan ke nan. Amma daga ranar uwargida ta zama matar ɗan Kanada, saboda haka in ta bi bayansa ta yi tata rantsuwar, ita za ta riƙe duka biyu. In kuwa suka tafi rana ɗaya suka ɗaga hannu tare, yadda ya dace da mutanen da Allah ya gama, sai su yi asara su biyun. To wa zai fara? Doka ta shiga tsakanin miji da mata ta ce ɗaya ya sadaukar domin ɗaya. Gwauruwa kuma fa? Matar da ta yi shekara hamsin tana auren ɗan Kanada, ba ta yi rantsuwa ba har ya rasu, ƙofar ta rufe mata, gama auren ya ƙare. A lokacin da ta fi bukatar kafa ƙafarta sosai a ƙasar da 'ya'yanta suke, a lokacin ne zaɓin ya fi yi mata tsada.

Ba yau Holan ta fara ɗaukar wannan magana da nauyi ba. A lokacin yaƙi, Gimbiya Juliana ta yi gudun hijira zuwa Kanada, ta haifi 'yarta Margriet a Ottawa a watan Janairun 1943. Don kada jaririyar ta zama 'yar wata ƙasa saboda wurin haihuwa, sai gwamnatin Kanada ta ayyana ɗakin haihuwar a matsayin wurin da ba ya cikin ƙasar Kanada na ɗan lokaci. Har yau Holan na aika wa Ottawa furannin tulif kowace shekara don godiya. An iya ɗage iyakar ƙasa saboda 'yar sarki. Tsohuwar da ta yi noma a Alberta ba wanda zai ɗage mata komai.

Me ke cikin kowane hannu?

Wanda ya zaɓi ya zauna da fasfon Holan shi kaɗai yana da hujjarsa. Fasfon ba na Holan kawai ba ne, na Tarayyar Turai ne, mai ba mutum damar zama da aiki a ƙasashe 27. In ya ga dama gobe ya tattara ya koma garinsu ba tare da neman izinin kowa ba. Yana iya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar Holan daga inda yake. Kuma wanda ba shi da wata ƙasa sai Holan, ko fasfonsa ya shekara talatin da ƙarewa, yana nan ɗan Holan.

Sai dai sabunta fasfon ba ƙaramin aiki ba ne ga dattijo. Tun 2009 ake ɗaukar zanen yatsu, don haka a ƙa'ida dole mutum ya je da ƙafarsa. Kanada kuwa ƙasa ce da ta ninka Najeriya sau goma a faɗi. Ofishin jakadancin Holan yana Ottawa, akwai ƙananan ofisoshi a Toronto da Vancouver. Mai shekara tamanin da ke zaune a wani ƙauye mai nisa zai iya kashe kuɗin jirgin sama da na masauki fiye da kuɗin fasfon kansa. Wasu sukan jira sai sun je ganin gida, su yi a teburin da aka tanada a filin jirgin saman Schiphol. Sauƙin da aka samu shi ne, daga 2014 fasfon manya ya koma na shekara 10 maimakon 5.

Ban da wannan, yana zaune ne a Kanada da izinin zama na dindindin, kuma kalmar dindindin ɗin nan tana ruɗin mutane. Katin shaidar izinin yana ƙarewa duk shekara 5. Dole mutum ya kasance cikin ƙasar aƙalla kwana 730 a cikin kowace shekara 5, in ba haka ba izinin na iya suɓuce masa. Ba ya zaɓe, ko da ya biya haraji tun kafin a haifi ɗan takarar. In kuma ya yi babban laifi ana iya korarsa. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2017 Kanada ta mayar da wani mutum mai shekara 59 zuwa Holan bayan hukunce-hukuncen kotu, alhali yana jariri aka kawo shi, yana fama da taɓin hankali, ba ya kuma jin harshen ƙasar da aka ce ita ce tasa. Iyayensa da shi kansa ba su taɓa kammala maganar takarda ba, abin ya zo ya same shi da furfura.

Akwai wani tsoro da ke hana wasu yin rantsuwa wanda ba shi da tushe, wato maganar fansho. Fanshon tsufa na gwamnatin Holan, wanda suke kira AOW, ba ya bin fasfo. Yana bin shekarun da mutum ya zauna ko ya yi aiki a ƙasar ne, kashi 2 cikin 100 a kan kowace shekara. Wanda ya tara shekara goma kafin ya fita, haƙƙinsa na nan ko ya zama ɗan Kanada.

In an cire wannan, abin da ya rage ba lissafi ba ne, zuciya ce. A garin Brampton na Ontario akwai gidan tsofaffi na Kirista da 'yan asalin Holan suka gina. Masu kula da tsofaffi a irin waɗannan gidaje sun san wani abu: in mantuwar tsufa ta kama mutum, Turancin da ya koya da girma ne ke fara gudu, harshen da uwarsa ta yi masa addu'a da shi ne ke saura. Mutumin da ya san haka na iya jin cewa in ya miƙa wannan ɗan littafi ja, ya yanke igiya ta ƙarshe da ke tsakaninsa da kabarin mahaifiyarsa. Ban ga laifinsa ba.

Agogon da ba ya ƙara

Yanzu bari mu juya ga waɗanda suka yi dace suka riƙe ƙasa biyu, ko ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan uku, ko don an haife su da duka biyun. Su ma ba su tsira ba. Doka ta ce baligi mai ƙasa biyu da ya zauna a wajen Masarautar Holan da wajen Tarayyar Turai na tsawon wani lokaci a jere, zai rasa zama ɗan Holan, sai fa in an ba shi sabon fasfo, ko katin shaida, ko takardar tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne kafin lokacin ya cika. Shekara 10 ne wa'adin daga 2003. Da yake a ranar 1 ga Afrilun 2003 agogon ya fara bugawa, sai ranar 1 ga Afrilun 2013 mutane da yawa suka kwana 'yan Holan suka tashi ba su ba ne, ba tare da sun sani ba. Sai da suka je sabunta fasfo aka gaya musu.

Haka ta faru da wata mata da aka haifa a Vancouver a 1984, mai ƙasa biyu tun haihuwa. An ba ta fasfon Holan a 2003. Da ta koma neman sabo a 2014 aka ce ai ta daina zama 'yar Holan. Ƙararta da ta waɗansu mutum uku ta kai har Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg, ana kiran shari'ar da sunan Tjebbes. Ranar 12 ga Maris 2019 kotun ta yanke cewa ƙasa tana da ikon kafa irin wannan doka, amma dole a sami hanyar duba halin kowane mutum, a ga ko asarar ta yi masa nauyin da ya wuce kima, a kuma iya mayar masa da matsayinsa. Saboda wannan hukunci Holan ta gyara dokarta daga 1 ga Afrilun 2022: wa'adin ya koma shekara 13, aka kuma buɗe hanyar neman a mayar wa mutum da abin da ya rasa. Amma ƙarin shekarun bai ta da waɗanda suka riga suka faɗi ba, hanyar mayarwar kuma tana bukatar hujja cewa mutum ya yi asarar haƙƙinsa na Tarayyar Turai a zahiri. Kewar gida kaɗai ba ta isa ba. In wannan hanya ba ta yiwu ba, abin da ya rage wa tsohon ɗan ƙasa shi ne ya koma Holan da izinin zama kamar kowane baƙo, ya yi aƙalla shekara guda, sa'an nan ya nemi a mayar da shi.

An daɗe ana gardama a kan wannan a majalisar Holan. Gwamnatin haɗin gwiwa ta 2017 a ƙarƙashin Mark Rutte ta yi alkawarin sassauta dokar, har wa'adinta ya ƙare ba a yi ba. Maƙwabciyarta Jamus kuwa ta buɗe ƙofar riƙe ƙasa biyu a 2024.

Ina Littafi Mai Tsarki ya tsaya?

A ajin masu shirin baftisma nakan ji matasa suna cewa ai mu 'yan Mulkin Sama ne, takardar duniya ba komai ba ce. Gaskiya ne Manzo Bulus ya koya wa Filibiyawa cewa ainihin ƙasarmu tana sama. Amma Bulus ɗin nan ne, a Ayyukan Manzanni sura 22, da aka miƙe shi za a yi masa bulala, ya buɗe baki ya sanar da jarumin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne. Shugaban sojan ya ce shi da kuɗi mai yawa ya sayi nasa matsayin, Bulus ya ce shi da nasa aka haife shi. Nan take aka janye bulala. Daga baya ma da wannan haƙƙi ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, bishara ta kai Roma. Wanda ya fi kowa sanin ƙasar sama bai yi wasa da takardarsa ta duniya ba.

A ɗaya gefen akwai wasiƙar Irmiya a sura 29 zuwa ga waɗanda aka kai bauta Babila. Annabawan ƙarya suna ce musu kada su kwance kaya, komawa ta kusa. Irmiya ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Ga kuma Yusufu, wanda ya yi mulki a Masar, ya auri Bamasariya, ya mutu a can, duk da haka ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa. Bai ƙi Masar ba, bai kuma manta da Kan'ana ba.

Ni dai a nawa ganin, dattijon da ya yi shekara hamsin a wuri, 'ya'yansa da jikokinsa suna can, majami'ar da ya gina da hannunsa tana can, ya riga ya sayi filin kabarinsa a can, maganar Irmiya ta fi kusa da shi. In ya yi rantsuwa bai ci amanar iyayensa ba. Yana da wuya mutum ya ce yana neman zaman lafiyar birni alhali ya ƙi karɓar ƙuri'ar da zai zaɓi masu mulkinsa. Amma wanda har yanzu yake da niyyar komawa ta gaske, ko yake da ƙananan yara waɗanda matsayinsu ke rataye da nasa, ya yi lissafi da kyau kafin ya ɗaga hannu, gama a wasu halaye yaro yakan rasa Holan tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ita kuwa dokar da ke raba mutum da ƙasarsa a shiru saboda ya manta da kwanan wata, ban ga adalci a cikinta ba, ko da an ƙara mata shekara uku.

Maganar ta shafi waɗansu gidaje a cikinmu. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 28, ya bar wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe wata ƙasa a haɗe, saboda haka mu ba mu saba da irin wannan tarko ba. Amma akwai 'ya'yan da aka haifa tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Holan, suna zaune a Jos ko Kaduna ko Abuja da fasfo biyu. Najeriya tana wajen Tarayyar Turai, don haka da zarar sun cika shekara 18 agogon nan yana bugawa a kansu. Holan tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Duk wanda abin ya shafa ya buɗe fasfon ya dubi ranar da aka ba da shi, ba ranar da zai ƙare ba, domin daga ranar bayarwa ake ƙirga shekara 13 ɗin. Kuma shigar da takardar nema ba ya tsayar da agogon. Sai sabon fasfon ya fito kafin ranar ta cika.